Ku Bar Tafireta Ta Huta

Jama'a, a sassauta murya, a gyara zama. Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar a watan Satumban 2025 cewa darussan sana'a na makarantun sakandare sun sauko daga sama da 30 zuwa 6, wasunku ba su sake cin tuwo da daɗi ba. A majalisar bakin titi, a ɗakin malamai, a layin tantance 'yan fansho, zancen ɗaya ne: an kashe ilimi, an zubar da abin da aka gada, yaran yanzu sun shiga uku. Ni ma ina da nawa ƙorafin a kan wannan jeri na shida, kuma sai na amayar da shi kafin mu rabu. Amma ku fara ba ni aron kunne, don na lura da yawa cikin masu kukan ba su tsaya sun duba abin da suke yi wa kukan ba.

Ga tambaya. Malamin makaranta a ƙasar nan, bisa dokar da aka sa wa hannu a 2022, yana ajiye alli idan ya cika shekara 65 a duniya ko 40 a bakin aiki. Akasarin sauran ma'aikatan gwamnati kuwa 60 ne ko 35. Mun yarda ɗan Adam mai hankali, wanda ke iya koyon sabon abu, yana da ranar komawa gida. To ita takardar da ke gaya masa abin da zai koyar, wadda ba ta ji, ba ta gani, ba ta ma san an ƙirƙiro wayar hannu ba, don me ita kaɗai za a hana ta ritaya? Tsohuwar manhajar sana'a ta zama irin ma'aikacin nan da kowa ya sani a sakatariya: gemu fari fat, jikoki sun yi aure, amma fayil ɗinsa ya rantse shekararsa 52. Duk tantancewar da aka zo yi sai ya tsallake, kuma kullum akwai masu tsaya masa.

Baba tsohon akawu, na hango ka kana gyara zaman hula, da kai zan fara. Na san abin da ke ci maka rai: tafireta da shothan. Ka ce a zamaninku yarinya ba ta amsa sunan sakatariya sai ta iya kama maganar shugaba da waɗancan ƙugiyoyi da ɗige-ɗige, ta juya ta buga ta fes, ba kuskure ko ɗaya, da kwafi uku a ƙarƙashin takardar kabon. Haka ne, Allah ya saka muku da alheri. Amma Baba, shothan ɗin da ka haddace, wani Bature ne mai suna Isaac Pitman ya fito da shi a Ingila a 1837, shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu. Tafireta kuma ta shiga kasuwa a Amurka a 1874 daga kamfanin Remington. Ta yi zamaninta, ta ci ta ƙoshi. A 2012 kamfanin Brother ya ƙera ta ƙarshe a masana'antarsa ta Birtaniya, kuma ko ƙofar ofis ba ta gani ba, gidan tarihi aka wuce da ita a Landan. Masu abu suna shirin kai abinsu gidan tarihi, mu kuwa a 2011 muna jera shothan cikin sababbin sana'o'in da ɗan sakandare zai zaɓa. Tsakani da Allah, Baba, yaushe rabonka da ganin an buga neman ma'aikaci an ce sai mai shothan? Shugaban yau waya yake ɗauka ya zuba surutunsa, ta rubuta masa, ko ya tura saƙon murya ya huta.

Kada ka tashi tukuna, akwai rabonka a maganar. Abin da ke hannunka mai daraja yana nan da ransa: buga rubutu da yatsu goma ba tare da kallon madannai ba, tsara wasiƙa yadda babba zai karanta bai yamutsa fuska ba, rubuta bayanin taro, adana fayil, da riƙe sirrin ofis. Jerin haruffan da ke kan kwamfuta ma gadon tafiretarka ne. Jikanka da ke tsintar haruffa da yatsa biyu yana matuƙar buƙatarka. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ta gane haka tun tuni, shi ya sa ta sauya kwas ɗin sakatariya a foliteknik ya koma na fasahar ofis da gudanarwa. Ƙarfen aka sallama, gwanintar tana nan.

Oga na gareji, kai kuma tun daga nesa nake jin muryarka. A wurinka mota ita ce Fijo, sauran duk gwangwani ne. Tun 1975 da aka fara haɗa ta a Kaduna, wanda ya iya 504 ya iya duniya. Ka sa kunne ka ji kukan inji, ka busa kafireto da baki, ka goge kwantak da 'yar takardar yashi, mota ta tashi, mai ita ya sa maka albarka. Ba wanda ya isa ya raina wannan kunnen. Sai dai motocin da ke shigowa yau ta Legas da Kwatano ba sa jin wannan yaren. Tun 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da 'yar kafa a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta faɗi ciwon da bakinta. Mai kuma injekta ce ke fesa shi, kwamfutar motar ce ke auna yawansa. Ka tuna abin da kake yi idan 'yar fitilar nan mai ruwan lemo ta kama a gaban direba? Kada ka sunkuyar da kai, duk mun sani. Ka cire tamostat, ka haɗa fanka kai tsaye, ka fasa indomin salansa, in fitilar ta ƙi mutuwa ka liƙa mata baƙin salatif. Mai mota ya tafi yana murna, bayan wata biyu ya dawo yana tambayar wa ke shanye masa mai.

Kai ba a ga laifinka sosai ba, Oga, abin da ubangidanka ya nuna maka kake yi. Abin takaicin shi ne a ce yaro ya shekara uku a kwalejin fasaha, ya fito da takarda mai tambari, shi ma salatif ɗin ya sani. In manhaja ta ba kafireto zango guda, ta ba na'urar binciken mota rabin shafi, to makaranta ta ɓata wa yaro lokaci, ta kuma ɓata wa ubansa kuɗi. Na san za ka ce ai kafireto bai mutu ba. Ka yi gaskiya. Yana nan a babur, a janareta, a injin ban ruwa, a injin markaɗe, kuma waɗannan su ke riƙe da rabin ƙauyukanmu. Saboda haka sauyin wurin aiki ya kamace shi: a ɗauke shi daga darasin mota, a kai shi darasin ƙananan injuna, inda har gobe yake da masu nema. Gurbin da ya bari a ba injekta, da wutar mota, da juya inji ya koma amfani da iskar gas, wadda tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 masu motar haya ke tambayarta.

Akwai kuma masu cewa, to in ma tsohon darasi bai amfana ba, ai bai cutar ba. Ku matso, ku ne na fi so. Mu leƙa shagon mai gyaran firiji. Gas ɗin da tsofaffin littattafai suka sani shi ne R12. Duniya ta haɗu a birnin Montreal na Kanada a 1987 ta amince a daina shi da ire-irensa, saboda suna cinye shimfiɗar ozon da ke tace hasken rana mai cutarwa. R12 yana da laifinsa, amma ba ya kama wuta. Firijin gida da yawa na yanzu kuwa R600a ne a cikinsu, wanda ɗan'uwan gas ɗin girki ne uwa ɗaya uba ɗaya. Yaron da aka koya wa ya saki gas a cikin shago, ƙofa a rufe, ya kunna wutar walda ya zare bututu, ya bi littafinsa daidai. Littafin ne bai san an sauya gas ba. A aikin hannu, tsohon umarni yana iya ƙona gira, yana iya ƙona shago, yana iya abin da ya fi haka. Wanda ya ce a bar irin wannan shafi don girmama magabata, ya fara tsayawa a shagon lokacin da ake gwajin.

Yauwa, ga Malam mai kishin gargajiya ya miƙe, babbar riga tana shara. Malam ya ce, wato duk abin da ya tsufa a zubar ke nan? Gobe kuma ku ce mu ma a zubar da mu? Allah ya ba ka haƙuri, Malam, ba a kai nan ba. Mu je Ƙofar Mata a Kano. Allon da ke bakin marinar ya ce 1498. Rini ya girmi tafireta da ƙarnuka, amma har yau mutum yana sa hannu a aljihu ya biya kuɗin baba da bugu. Fatar jar akuyar Sakkwato tun zamanin ayarin raƙuma take ƙetare Sahara, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko don ta can take isa gare su, kuma har yanzu masu jima a Kano suna tura fata waje. Ashe shekaru ba su ne ma'auni ba. Ma'aunin tambaya uku ce, kuma ko ɗan firamare zai iya yin su. Yau akwai mai biyan kuɗi a yi masa wannan aikin? Kayan aikin da aka rubuta ana samunsu a kasuwa? In yaro ya bi abin da aka rubuta, zai koma gida da yatsunsa goma? Rini ya haye ta farko da ta biyu a guje. Ta ukun ce ke buƙatar gyara, don marinin yau yana taɓa sinadaran kanti masu cin fata, ya kamata darasinsa ya san safar hannu, ya san inda ake zubar da ruwan rini ba a kwata ba, ya kuma san yadda ake tallar shadda a waya. Tafireta kuwa tun a tambayar farko ta zube.

Tun da mun zo nan, bari in sauke nawa ƙorafin, kada ku ce gwamnati ta ba ni goro. Sana'o'i shidan da aka bari su ne haɗa sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, sai noman lambu da amfanin gona. Ba wadda za a kushe a cikinsu. Wanda ya ga yadda faifan sola ya mamaye rufin gidaje da bakin fadamu ya san an yi dabara. Wanda ya taɓa kutsawa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya san sana'ar da ba ta wanzu ba kafin layukan salula su zo a 2001 yanzu tana ciyar da gidaje ba adadi. Amma ina rini? Ina dukanci? Ina walda, da aikin famfo, da kafinta? Amsar da ake bayarwa ita ce irin su walda da kafinta suna kwalejojin fasaha, inda ake da ɗakin aiki. Amsa ce mai ma'ana, sai dai kwalejojin nan 'yan kaɗan ne in aka gwada su da yawan sakandare, kuma yaro nawa ne ke da ɗaya a kusa da gidansu? Ƙasar da ke da masuntan Yawuri, da masu takalmin Aba, da maƙeran tagullar Bida, bai kamata a yanka mata riga ɗaya daga Abuja ba. Da an bar gurbi ɗaya ko biyu kowace jiha ta cike da sana'ar da ke ci a kasuwarta, da Malam mai babbar riga ya koma ya zauna. Kun ga ke nan, mai share ɗaki ma yakan haɗa da abin da ba shara ba, kuma faɗa masa hakan ba ya nufin a daina shara.

Hajiya shugabar makaranta, ranki ya daɗe, ke kuma taki dabarar ta sulhu ce. Kin ce a bar tsohon, a ƙara sabon a kai, kowa ya samu, ba a ɓata wa kowa ba. Hajiya, ke da ke tsara jadawali da hannunki kin fi kowa sanin mako kwana biyar ne, darasi kuma minti 40. Duk abin da aka cusa, wani abu aka matse. Kuma layi ɗaya a manhaja ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana da zuriya. Hukumar tsara manhaja, NERDC, ta rubuta na sakandare, NBTE da aka kafa a 1977 take zaune a Kaduna ta rubuta na kwalejojin fasaha da foliteknik, sai masu jarrabawa irin su WAEC, da NECO, da NABTEB ta Benin da aka kafa a 1992, su ɗauka su mai da shi tambaya. Abin da zai fito a jarrabawa dole malami ya koyar. Abin da za a koyar dole a buga littafinsa. Masu zuwa duba makaranta kuma da jerin kayan aiki suke zuwa, abin da ke jerin shi za su ce a nuna musu. Haka 'yan kuɗin da za a sayi mitar auna wuta da batir da inbata suke tafiya wajen farautar kayan da kasuwa ta manta da su.

Sannan Hajiya, mu yi maganar da ba a yi a gaban baƙi. A cikin sana'o'in nan sama da 30 da ake wa kuka, nawa makarantarki ta taɓa koyarwa? Kin duba jerin, kin ga walda tana son injin walda da wuta, kafinta tana son katako da zarto, gyaran mota yana son mota. Sai idonki ya sauka a kan dabarun talla, da sarrafa bayanai, da kiwon dabbobi, waɗanda alli da allo sun wadatar. Ba ke kaɗai ba ce, haka akasarin makarantu suka yi. An yaye yara da sakamako mai kyau a kiwo, ba su taɓa riƙe ƙafar akuya ba. An yaye gwanayen sarrafa bayanai da suka zana kwamfuta a littafi, suka sa wa kowane sashe kibiya da suna. Dogon jeri ya ba kowa wurin ɓuya. Gajeren jeri, ko ba komai, yana sa a gane wanda bai yi ba.

Can a ƙarshen benci kuma ga ɗan'uwana mai murmushin mugunta, wanda bai ce komai ba tun ɗazu. Na san abin da ke bakinka: mun ga irinta. Kuma wallahi ka gani. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4 da alƙawarin kowane yaro zai fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu. Aka yi odar injunan koyon fasaha daga ƙasashen Gabashin Turai, aka rarraba. A makarantu da yawa ba wuta, ba ɗakin da za a girka su, ba malamin da ya san inda ake kunnawa. Suka tsufa a cikin akwatunansu, gara ta ci katakon, tsatsa ta ci ƙarfen, ɓarayi suka taimaka da sauran. Saboda haka in ka ce soke layi a takarda ba ya cin ko sisi, kuma sabon suna ba ya kawo sabon ilimi, ba ni da abin musu. Darasin sola a kan allo bai fi darasin tafireta a kan allo da komai ba, sai dai shi zanensa ya fi sauƙi.

Amma ka lura da inda hujjarka ta kai ka. Ta nuna a yi sauyin da kyau ne, ba ta nuna a zauna ba. Yin sa da kyau kuwa ba ɓoyayyen ilimi ba ne. A sanar da ranar da tsohuwar manhaja za ta daina aiki tun da sauran lokaci. Yaron da ya fara da ita a bar shi ya gama da ita, ya rubuta jarrabawarsa a kanta. Hayaniyar da iyaye da malamai suka yi a ƙarshen 2025 a kan 'yan ajin ƙarshe masu shirin WAEC ta 2026 daga nan ta taso, kuma suna da gaskiya: ba a sauya wa mutum darasi ana saura 'yan watanni ya shiga ɗakin jarrabawa. A horar da malami kafin a buga sabon littafi, ba bayan an raba shi ba. A kai kayan aiki tare da abin da zai ba su wuta. Jarrabawa kuma ta koma ta hannu: ga faifai, ga batir, ga waya, haɗa mu ga fitila ta kama. In an rasa waɗannan, ka ci gaba da murmushinka, ni ma zan zo in taya ka.

Malam na ajin gyaran rediyo da talabijin, kai ba ka yi magana ba, amma fuskarka ta yi. Tsoronka kada a sallami manhaja a haɗa da kai. Kwantar da hankalinka. Talabijin mai ƙusumbi ce ta tafi, wutar lantarki ba ta sauya hali ba. Mutumin da ya san dokar Ohm, ya iya karanta zanen da'ira, ya iya riƙe ƙarfen darma hannunsa ba ya rawa, ya riga ya yi rabin tafiya zuwa inbata da wayar hannu. Abin da ya rage horo ne na 'yan watanni, da kuma haɗiye girman kai a zauna kusa da wani yaro a kasuwa a ga yadda yake ɗaga allon waya. Wataƙila ma tsohon ɗalibinka ne, wanda ka taɓa kora waje don surutu. Ka je, ba zai tuna ba. In ya tuna ma, shayi zai saya maka.

Ku kuma samari masu tafa min tun ɗazu, ku dakata, ban zo don ku ji daɗi ba. Ku a ganinku a soke komai a bar kwamfuta da ƙirƙirarriyar basira. To ranar da bututun banɗaki ya fashe da tsakar dare, ku tambayi basirar ta zo ta ɗaure. Ku zaga wuraren gini a Abuja da Legas ku tambayi masu shimfiɗa tayil da masu ƙawata silin daga ina suke. Za ku ji Togo da Jamhuriyar Benin sun fi yawa a baki, alhali namu na zaune da takardu. Magina na neman su ne don layinsu yana miƙewa, kusurwarsu tana cika. Awo, da karanta zane, da lissafin kaya, da kiyaye lafiya a wurin aiki, da gama aiki ranar da aka yi alƙawari, waɗannan ba manhajar da za ta sallame su. Su ne ma ya kamata su samu filin da matattun darussa suka tare.

Kuma kada wani ya ɗauka wannan wata bidi'a ce da aka ƙirƙiro don a wahalar da mu. Jamusawa, waɗanda kowa ke yabon ƙarfensu, a 2003 suka duba suka ga makanikin mota da mai wutar mota sun zama aiki ɗaya, tun da motar kanta ta haɗe su. Suka rufe tsofaffin sana'o'in a hukumance, suka buɗe sabuwa guda. A can, masu kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikata da gwamnati ne ke zama su rubuta ƙa'idar koyon kowace sana'a, kuma ranar da sabuwa ta fara aiki tsohuwa ta sauka, wanda ya riga ya fara koyo a ba shi hanyar kammalawa. A Amurka, dokar ilimin sana'a ta 2018 ta ce duk gundumar da ke son kuɗin tarayya sai ta sake auna darussanta da ayyukan da ake nema a yankinta aƙalla duk shekara biyu. Mu ma nan gida mun iya in mun so. A 2024 NBTE, ƙarƙashin Farfesa Idris Bugaje, ta fasa babbar diflomar kimiyyar kwamfuta gida huɗu: ƙirƙirarriyar basira, tsaron intanet, haɗa na'urori da rumbun gajimare, da ƙera manhajojin kwamfuta da shafuka. Sama ba ta faɗo ba.

Abin da nake roƙo bai fi wannan ba. Kowace manhajar sana'a a buga mata shekarar haihuwa da shekarar sake dubawa a bangon gaba, da manyan lambobi, kada tazarar ta wuce shekara biyar. In lokacin ya yi, kada a tara farfesoshi kaɗai a otal. A kira maƙeran Panteka ta Kaduna, da 'yan Ƙofar Ruwa ta Kano, da telolin da ke kwana a shago kafin Sallah, da matan da ke gyaran amare, a karanta musu shafi-shafi da harshen da suke ji. Abin da suka ce har yanzu ana biya a kansa, ya zauna. Abin da suka ce ya sauya, a gyara. Abin da suka kalli juna suka tuntsire da dariya, a yi masa addu'a a sallame shi.

In har yanzu kuna tababa, ga gwajin da ba ya buƙatar izinin minista. Gobe ka bi ɗanka ko 'yarka makaranta, ka gaida shugaba da ladabi, ka roƙi a ara maka littafin darasin sana'ar da ake koya musu. Ka duba shekarar da aka buga shi. Daga nan ka wuce da shi wurin wanda ke cin abinci da wannan sana'ar a unguwarku, ka saya masa lemo, ka karanta masa babi biyu. In ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, ka zo ka same ni, kuɗin lemon da na mota duk a wuyana. In kuwa lemon ya sarƙe shi tun a shafi na uku, to kai za ka kai ƙorafi taron iyaye da malamai, kuma ka tafi da shi ya maimaita dariyar a gabansu.